Ɗigo Biyu da Layi

Lahadi, 2 ga Maris, ƙarfe shida na yamma

Shekara talatin da ɗaya ina kulob ɗin nan. Ni na ja wutar zauren cocin da muke haɗuwa, da hannuna, kyauta. Yau kuma ni, Neville Brassington, aka ja gefe aka ce ana zargina da cuta.

Bari in rubuta tun ban huce ba. Yau ce gasar fenti ta shekara. Kowa ya jera sojojinsa na darma, waɗanda muke buga yaƙi da su a kan tebur, kowannensu bai kai rabin ɗan yatsa ba. Wanda fentinsa ya fi kyau a zana sunansa a garkuwar kulob. Doka ɗaya ce tak: hannunka ne ya fenta, ba na wani ba. Sunana sau uku yake a garkuwar nan, na ƙarshe bara. Bana na kai wadanni arba'in masu gemu da gatura, wata tara ina kansu.

Howard Tunnicliffe ne alƙali, shugaban kulob, mutumin da dodanninsa kullum suke fitowa kamar an tsamo su daga miya. Ya ɗaga sarkin wadannin ya daɗe yana kallon fuskarsa da gilashin ƙara girma. Sai ya juya shi.

Juyawar ba laifi ba ce. Duk ɗan Stoke, garinmu na masu yin tangaran, haka yake, ko a gidan biki aka ba mu shayi sai mun juya faranti mun ga kamfanin da ya yi. Uwata ta taɓa juya faranti da kek a kai.

Ya ce, "Neville, zo mana. Wannan mene ne a ƙarƙashin faifan da yake tsaye a kai?"

Na ce, "Fenti ne, ranka ya daɗe. A gasar fenti muke."

"Ɗigo biyu da layi. Ga shi a wannan, ga shi a wannan ma." Sai ya rage murya, abin da ya fi ƙona min rai ke nan. "Masu yi wa mutane fenti a haya su ke sa alama. Kuma idanun nan, Neville, sun yi kyau da yawa. Ni dai ban ce komai ba. Kwamiti zai zauna ran ashirin da uku."

Bai ce komai ba! In suka yarda da shi za su kankare sunana daga garkuwa su hana ni shiga gasa har abada. Na ɗaga murya yadda kowa zai ji na ce su kawo buroshi ranar, zan yi ido a gabansu, in na gama Howard ya ba ni haƙuri a tsaye.

Na dawo na tarar da matata Marlene tana wanke-wanke. Ta ce, "Yaya 'yan tsanar?" Haka take kiransu shekara arba'in da ɗaya. Na gaya mata duka. Ba ta ko juyo ba. Ta ce, "To." Ana zubar wa mijinta mutunci a gari, ita abin da za ta ce ke nan.

Litinin, 3 ga Maris, ƙarfe goma na safe

Ban buɗe akwatin wadannin ba. Me zan duba? Fenti ne ya ɗiga.

Na kai Nobby yawonsa bakin ruwa, awa ɗaya kamar kullum. Shi dai kare bai zarge ni da komai ba. Na dawo Marlene ta zuba min shayi rabin kofi. Tun yaushe ta fara wannan rowar ban sani ba, sai ka ce ganyen shayi ya ƙare a Ingila. Wasiƙar asibitin tana bayan agogo, kuma can za ta zauna.

Laraba, 5 ga Maris, ƙarfe huɗu na yamma

Na fiddo wadanni shida da suka rage don in motsa hannu. Ba wai ina bukata ba.

Ido shi ne mai raba mai fenti da mai shafe-shafe. Riga kowa ya iya, gemu ma a hankali ya zo. Amma ido bai kai kan allura ba. Ka lashi bakin buroshi ya tsaya tsaf, ka ɗauke numfashi, ka sa fari, ka jira, ka sa ƙwayar. Ka kuskure da faɗin gashi ɗaya, jarumin da ya kamata ya tsorata dodo sai ya koma kamar wanda ya taka ƙusa.

Teburin ɗakin baya yana rawa. Na cusa masa kwali a ƙafa, bai daina ba. Shida ɗin duk sun fito a karkace, amma ban damu ba. Fentin zamanin nan sai ya kwana yake zama. Na lura da haka kusan shekara biyu: in na yi ido da yamma ya fito wani iri, washegari in na dawo daga yawon Nobby sai in tarar ya bushe ya daidaita. Na taɓa gaya wa 'yan kulob wannan sirrin, suka yi ta kallona. Jahilai.

Alhamis, 6 ga Maris, ƙarfe goma sha ɗaya na safe

Ba su daidaita ba.

Juma'a, 7 ga Maris, ƙarfe goma sha ɗaya na safe

Na wanke su na sake jiya. Yau ma ba su daidaita ba. Ɗaya yana kallon rufi, ɗaya yana kallon kunnensa. Kamfanonin nan sun canja fentin ba su gaya wa kowa ba, tsabar rainin hankali. Zan rubuta musu.

Na nuna wa Marlene, tunda ita ma ta san fenti ta wata fuskar. Shekara ashirin da takwas tana ja wa kofunan tangaran zaren ruwan zinare a baki, kafin a rufe masana'antar. Ba ta taɓa yarda ta taɓa sojojina ba, wai ita ta yi wa sarauniyoyi kofi, ba za ta ƙare a gemun wada ba. Ta karɓa ta duba, ta ajiye da sauri kamar mai zafi. Ta ce tana da guga.

Ta sayo min rigar sanyi ta uku marar maɓalli. Ni na ce mata na gaji da maɓalli?

Lahadi, 9 ga Maris, ƙarfe biyar da rabi na yamma

Ban je kulob ba. Alwyn ya biyo bayan an tashi. Abokina ne tun muna gyaran lantarki tare, shi ne kuma sakataren kwamiti. Ya zauna ya cinye wainar da Marlene ta naɗe da cuku, har uku, sannan ya fara kame-kame.

"Mutumina, maganar yin ido a gaban jama'a ɗin nan, a bar ta mana."

Na ce, "Don me? Tsoro Howard yake ji?"

"Ba Howard ba." Ya dubi ƙofar kicin. "Ka je ka ga likitan nan kuwa?"

"Wane likita? Me ya haɗa likita da wada?"

"Neville, haba. Tef ɗin awo fa? Makon jiya kana auna tafiyar dawakinka ka kwashe min rabin runduna da bakinsa. Kowa ya gani. Tun bara kowa yake gani, ba wanda ya ce uffan saboda kai ne."

Na ce zauren nan sanyi gare shi, kuma ni na sha faɗa a gyara abin ɗumama ɗaki. Na ce in ya gama cin wainar matata ga hanya nan. Shekara arba'in ina kama waya mai wuta ban taɓa kuskure ba, yau Alwyn, wanda ya taɓa kashe wa unguwa guda wuta ranar Kirsimeti, shi zai koya min hannu.

Da zai fita ya tsaya a kicin suna ƙus-ƙus da Marlene. Har a gidana.

Talata, 11 ga Maris, ƙarfe uku na rana

Na canja tebur. Na canja buroshi. Na daina shan kofi. Na jingina gwiwar hannu da littafi, na haɗa tafukan hannu biyu yadda ake koya wa sababbin shiga.

Sau goma sha huɗu na ɓata.

Wasiƙar kamfanin fenti ma ban gama ba, biron ba shi da kyau.

Alhamis, 13 ga Maris, ƙarfe tara da kwata na safe

Kofina na kullum ya fashe, ba ruwan kowa da yadda aka yi. Marlene ta zuba min a ɗaya daga kofunan aurenmu, waɗanda ta yi da kanta a masana'anta. Na shanye. Na juya shi.

Alhamis ɗin dai, ƙarfe biyu na rana

Ɗigo biyu da layi.

A masana'anta kowace mai fenti da alamarta. In ta gama kofi sai ta juya ta sa, don in ya fito da aibu a san hannun da ya yi. Na san tata tun kafin in san sunan ubanta. Tun ranar da Howard ya faɗa na san ta. Na rubuta a littafin nan cewa fenti ne ya ɗiga, to ga shi na rubuta wannan ma.

Ta tafi wajen ƙanwarta, sai na buɗe akwatin wadannin da kabad ɗin gilashi na bi su ɗaya bayan ɗaya. Wadanni arba'in, duka. Mahayan dawakin da suka ci min garkuwa bara, duka talatin. Maharban da na yi kafin su, uku na ƙarshe kawai. Daga nan baya babu.

Na tsaya gaban mutane bara aka tafa min. Na yi jawabi! Na ce sirrin ido haƙuri ne. Tana zaune a baya da jakarta a cinya tana tafi.

Juma'a, 14 ga Maris, ƙarfe ɗaya na rana

Ban yi mata magana ba. Na dafa ƙwaina da kaina.

Asabar, 15 ga Maris, ƙarfe ɗaya na rana

Ban yi mata magana ba. Ta goge murhun da na ɓata, wannan ma cin fuska ne.

Litinin, 17 ga Maris, ƙarfe goma sha biyu na rana

Na ɗaura wa Nobby igiya, na kai bakin ƙofa, na dawo. Na kife kofin a gabanta, na kife sarkin wadanni kusa da shi.

Ta ce, "Kwana huɗu ka ɗauka. Na ce ko sai bikin Ista."

"Kin mai da ni abin dariya."

"Na mai da kai mai cin abinci. Zauna, malam, kana tsaye min a ka."

Ban zauna ba.

Ta ce, "Na shiga share ɗakin ne na ga wani maharbi yana kallon gabas da yamma lokaci guda. Ranar ka ƙi cin abincin rana, ka ƙi na yamma, ka zauna a lambu kamar an yi maka mutuwa. Na ce bari in gyara wannan ɗaya. Minti biyu. Ka dawo daga yawo ka shiga, ka fito kana fito da baki. Rabon da in ji fitonka wata shida. To sai in daina?"

"Alamar fa? Don ki tona min asiri?"

"Kai dai ba ka da kai wani lokaci. Kofi ɗari uku a rana, shekara ashirin da takwas. Ka gama, ka juya, ka sa. Hannuna ke yi, ban ma san ina yi ba sai ranar da ka dawo kana zage-zage. Kai kuma ɗan Stoke guda, shekara biyu ba ka juya ba?"

Na ce wa yake juya nasa, ai na mutane ake juyawa. Ta yi dariya. Ni ban ga abin dariya ba.

Na ce ta bar ni na karɓi garkuwar ƙarya a gaban abokaina, ta bar ni ina koya wa mutane cewa fenti yana gyara kansa in ya kwana. Na ce wannan ba taimako ba ne, sata ce, ta sace min abu ɗaya da na iya.

Sai ta tashi. Marlene ba ta ɗaga murya, yau ta ɗaga.

"Ni kuma me ka bar min? Ina zuba maka rabin kofi ina yi kamar rowa ce. Ina cire maɓalli daga gidan nan ɗaya bayan ɗaya. Kullum in goge agogon can in ɗaga wasiƙa in mayar. Kowa a garin nan ya ga hannunka, Neville, ni kaɗai aka hana in gani. Ka san nauyin wannan?"

Nobby yana tsaye da igiyarsa yana kallonmu. Na fita da shi, muka yi awa biyu. Har yanzu ina ganin ba ta kyauta ba. Amma raina ya ɓaci ta wani wajen da ban saba ba.

Alhamis, 20 ga Maris, ƙarfe huɗu na yamma

Howard ya bugo waya. Murya kamar mai gaisuwar mutuwa. Wai ya yi magana da Alwyn, wai a bar zancen kawai, ba zama, ba buroshi, a ce alamar ta mallaka ce. Wai ni dattijon kulob ne.

Da zargi na shaƙa, amma wannan ya fi. Ranar da ya ce na yi cuta aƙalla ya ɗauke ni mutum. Na ce, "Ranka ya daɗe, ka kira zama, za a zauna. Ka kawo buroshi mai kyau, ba irin tsintsiyar da kake shafa wa dodanninka ba."

Asabar, 22 ga Maris, ƙarfe uku na rana

Na ɗaga agogon. Ranar da asibitin suka ba ni a wasiƙar ta wuce tun Janairu.

Lahadi, 23 ga Maris, ƙarfe shida da rabi na yamma

'Yan kwamiti su biyar a tebur, sauran kulob ɗin suna yi kamar suna jera sojoji. Na zauna. Na lashi buroshi, na tsoma a fari, na ɗauke numfashi.

Layin ya tashi daga hancin wadan ya ƙare a kunnensa.

Na bar hannun a sarari a kan tebur, ban ɓoye shi a aljihu ba, ya yi abin da yake yi kowa ya kalla ya ƙoshi. Sannan na fiddo kofin daga jaka na ce wa Howard, "Juya. Ai ka iya."

Ya juya. Ya dubi kofin, ya dubi wadan. Ya ce, "Kai! Marlene?" Goggonsa da Marlene a benci ɗaya suka yi aiki, ashe.

Na ce riguna da gemu da gatura nawa ne, ido nata ne, bana da bara. Ban sani ba lokacin, ko kuma ban so in sani ba, su zaɓi wanda ya yi musu. Na ce a cire sunana na bara a sa nata.

Nan fa Howard ya tuna shi shugaba ne. Wai cirewa za a cire, amma sa nata ba zai yiwu ba, ba 'yar kulob ba ce, doka ta ce sai mai rajista. Na tashi tsaye. Na ce mata ce da ta yi ido ɗari da arba'in da shida a tsaye, da tsintsiya a jingine, kafin kare ya dawo daga yawo, ba wanda ya kai ta a ɗakin nan ko a mafarki, za ku bar gurbi a garkuwa saboda takarda? Alwyn ya goyi bayana. Aka kaɗa ƙuri'a, uku da biyu. Gurbi za a bari. Sauran biyun nawa suna nan, kuma ba a kore ni ba, wai in gode.

Na gaya wa Marlene. Na ce ta yi rajista kawai ta kunyata su baɗi. Ta ce ita da zama da tsofaffi suna jefa ƙwayar ludo suna gardamar ko dodo ya hango wada ta bayan dutsen kwali, Allah ya kiyaye.

Gurbi! Zan rubuta musu wasiƙa.

Laraba, 26 ga Maris, ƙarfe goma sha ɗaya na safe

Asibitin sun ba da wata ranar, tara ga Afrilu. Ni na kira da kaina, a rubuta wannan. Marlene za ta raka ni.

Bayan yawon Nobby na tarar ta kai kujera ta biyu ɗakin baya. Ta ce kada in ɗauka wani abu ne, hasken tagar ne ya fi kyau a nan. Na yi wa wadan nan na ranar Lahadi riga da takalmi, da babban buroshi, ya ɗauke ni awa guda. Ta wanke masa farin layin ta yi ido kafin in gama goge tabarau. Ta ce gemun ya yi ja da yawa. Bai yi ba.

Ta juya shi ta sa alamarta, sannan ta miƙo min buroshin.

Na ce ni ba ni da alama. Ta ce duk hannun da ya taɓa kaya sai ya sa, haka dokar take, don a san mai laifi.

Na so in yi harafin farko na sunana. Ya fito kamar tsutsa ta bi ta kan fenti. Na kai yatsa zan goge, ta riƙe min wuyan hannu.

Ta ce, "Bar shi. Naka ne."

Na bar shi.